Yadda Ake Mayar da Kaya a Karɓo Kuɗi daga Kantunan Intanet

Tun da sayayya ta waya ta zama ruwan dare a garuruwanmu, tambayar da masu karatu suka fi turo mini ita ce: "Na yi oda, an kawo mini abin da ba shi na gani a hoto ba, yaya zan yi kuɗina su dawo?" Wani waya aka kawo masa ba ta kamawa, wata leshi ta saya ya zo da launin da ba shi ta zaɓa ba, wani kuma an cire kuɗi daga asusunsa amma odar ba ta shiga ba sam. Mafi yawansu suna da gaskiya, sai dai da dama sun riga sun raunana hujjarsu da hannunsu kafin su nemi shawara, domin sun yar da kwali, ko sun bar kwanaki sun wuce, ko sun yarda an ja su zuwa WhatsApp ana ta ba su haƙuri har wa'adi ya cika. Magabata sun hana cinikin biri a sama, amma sayayyar intanet kusan dukkanta haka take, saboda haka abin da ya rage wa mai saye shi ne ya riƙe shaida, ya motsa a kan lokaci, ya kuma bi ƙofofin ɗaya bayan ɗaya. Bayanin ya fi shafar mai saye da ke zaune a Najeriya.

1. Kafin ka biya kuɗi

Maganar mayar da kaya tana farawa tun kafin a saya. Ka buɗe shafin kayan ka nemi wurin da aka rubuta sharuɗɗan mayarwa, ka tabbatar da abu uku: kwana nawa aka ba ka, wa zai biya kuɗin ɗaukar kayan idan za a mayar, kuma ko irin wannan kayan yana cikin waɗanda ake karɓa. A Jumia da Konga wa'adin da aka saba da shi kwana 7 ne daga ranar da kayan suka shiga hannunka. Temu, wadda ta fara aiki a Najeriya a ƙarshen 2024, tana ba da kwana 90 a kan yawancin kayanta. Kamfanoni kan sauya waɗannan sharuɗɗa, don haka abin da ke rubuce a ranar da ka saya shi ne abin dogaronka.

Ka ɗauki hoton allo na tallar kayan gaba ɗayanta, wato hotonsa, farashinsa, girmansa, launinsa, sunan mai sayarwa da duk wani alkawari da aka rubuta, kamar girman ma'adanar waya ko tsawon garanti. Dalili shi ne mai sayarwa yana iya gyara bayanin bayan ka yi ƙorafi, kuma idan ba ka da hoton asali, magana ta zama taka da tasa.

Hanyar biya ma tana da tasiri sosai. Biya da kati a cikin manhajar kantin ya fi kariya, domin yana barin sawu a wuri biyu, wajen kantin da wajen bankinka. Biya bayan an kawo kaya yana da kyau inda ake yinsa. Mafi rauni duka ita ce taransifa kai tsaye zuwa asusun wani mutum.

Gargaɗi: idan mai sayarwa a cikin Jumia, Konga ko AliExpress ya ce ka soke odar ka tura masa kuɗi ta gefe zai rage maka, kada ka yarda ko da ragin ya kai rabi. Da zarar kuɗi sun bi ta wajen manhajar, kantin ya fita daga cikin cinikin, kuma ba zai saurari ƙorafinka ba.

2. Ranar da kayan suka iso

Wannan shi ne matakin da aka fi yin asara a kansa, kuma shi ne wanda ba ya cin ko kwabo. Kafin ka sa hannu ko ka ba ɗan dilibari lambar karɓa, ka juya kwalin ta kowane gefe. Idan ya jiƙe, ya lotse, ko ka ga alamar an yanke salatif an sake manna wani, kana da damar ƙin karɓa, ka ɗauki hotonsa a gaban mai kawowar, sannan ka sanar da kantin a ranar. Lambar karɓa da ake turo maka ta saƙon waya shaida ce cewa kaya sun iso gare ka, saboda haka kada ka karanta wa kowa ita ta waya alhali kayan ba sa hannunka.

Idan ka karɓa, to ka ɗauki bidiyon buɗewa. Ka ajiye kwalin a wuri mai haske, ka sa wani ya riƙe maka waya, ko ka jingine ta yadda hannayenka biyu za su fito. Ka fara da nuna takardar da ke manne a jiki, yadda sunanka da lambar oda za su karantu, sannan ka nuna dukkan gefunan a rufe, ka yanke, ka fito da komai ɗaya bayan ɗaya, ba tare da ka tsayar da bidiyon ko sau ɗaya ba. Bidiyon da aka yanke a tsakiya ƙarfinsa kaɗan ne, domin za a iya cewa a wurin yankewar aka musanya kayan. Idan kayan wuta ne, ka jona shi ka kunna a cikin bidiyon. Idan waya ce, ka danna *#06# ka gwada lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, da ta fito da wadda ke jikin kwali, ka shiga saituna ka duba girman ma'adana, ka gwada caji, kyamara, lasifika da ramin layi. Idan tufafi ne ko takalmi, ka ɗora ma'auni a kai ka ɗauki hoto, ka gwada a kan darduma ko tabarma mai tsabta, kuma kada ka cire alamar da ke rataye.

Gargaɗi: kada ka yar da kwali, leda, takardar bayani ko kyautar da aka haɗo da ita har sai wa'adin mayarwa ya wuce. Na taɓa rasa kuɗin injin markaɗe a wani kanti ta wannan hanya, domin yara sun ɗauke kwalin tun ranar farko, injin kuma ya tsaya a kwana na huɗu, aka ce ba za a karɓa ba sai da kwalinsa. Har yau abin yana yi mini ciwo, shi ya sa nake nanata shi. Ka kuma lura cewa idan wani ɗan'uwa ya karɓa a madadinka, lissafin kwanaki yana farawa ne daga ranar da aka miƙa kayan, ko da kai ba ka gan su ba sai bayan mako guda.

3. Ka tantance dalilinka

Dalilan mayar da kaya gida biyu ne, kuma hukuncinsu ya bambanta. Na farko shi ne laifin mai sayarwa: kaya sun zo a lalace, ko ba sa aiki, ko ba su ne aka yi oda ba, ko jabu ne, ko an rage wani abu a ciki. Na biyu shi ne sauya ra'ayi, wato kayan lafiyarsu ƙalau amma ka ga ba ka so. A gida na biyu kana ƙarƙashin sharaɗin kantin ne kacokan, kuma yawanci sai kayan suna nan yadda suka zo, wani lokaci ma sai ba a ɓalle hatiminsu ba. Kayan ciki, kayan kwalliya, turare da kayan abinci galibi ba a karɓarsu a kan sauya ra'ayi.

A gida na farko kuwa doka tana bayanka. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, ita ce ta kafa FCCPC, hukumar tarayya mai kula da gasar kasuwanci da kare haƙƙin masu saye. Sashe na 122 ya ba mai saye damar mayar da kayan da bai sami damar dubawa ba kafin a kawo masa, idan ba su dace da bayanin da aka yi ko samfurin da aka nuna ba, a kuma biya shi kuɗinsa cikakku, matuƙar ya yi hakan cikin lokacin da hankali zai ɗauka. Sashe na 132 ya ba da wata uku daga ranar kawowa a mayar da kaya masu aibi, ba tare da tara ba, kuma ɗawainiyar mayarwar tana kan mai sayarwa, wanda zai gyara, ko ya musanya, ko ya dawo da kuɗi. Hukumar ta sha bayyana cewa rubutun nan na "ba a mayar da kaya bayan an saya" ba ya soke wannan haƙƙi. Duk da haka shawarata ita ce ka yi aiki da kwana 7 ɗin kanti, domin a cikinsa abu ne na danna waya, bayan ya wuce kuwa sai an yi jayayya da rubuce-rubuce.

Gargaɗi: kada ka zaɓi dalilin ƙarya don gudun kuɗin mota. Za a duba kayan idan sun isa, kuma in aka tarar suna aiki alhali ka ce sun lalace, za a ƙi buƙatarka, a dawo maka da kayan, ka yi asarar lokaci da amana. Kada kuma ka kai wa mai gyara ya buɗe, domin buɗewar tana kashe garanti da damar mayarwa a lokaci guda.

4. Shigar da buƙata a cikin manhaja

Ka shiga asusunka, ka buɗe jerin odojinka, ka zaɓi wadda ake magana a kai, ka danna wurin mayar da kaya. Za a tambaye ka dalili, yawan kayan, hanyar da za ka miƙa su da hanyar da kake so a biya ka. Ka ɗora hotuna masu haske: ɗaya na kayan gaba ɗaya, ɗaya na wurin aibin a kusa, ɗaya na takardar jikin kwali, da hoton tallar da ka ajiye tun a matakin farko.

Bayanin da za ka rubuta ya zama gajere, ya kuma ƙunshi abu huɗu: abin da ka yi oda, abin da aka kawo, ranar da aka kawo, da abin da kake nema. Misali: "Na yi odar waya mai ma'adana 128, an kawo mini mai 64 ranar Talata. Ga hoton talla da hoton saitunan wayar. Ina neman a karɓi kayan a dawo mini da kuɗina cikakku zuwa asusun banki." Tun da ma'aikatan waɗannan kantuna da Turanci suke aiki, wanda bai iya ba ya sa wani amintacce ya rubuta masa a wayarsa, yana zaune a wurin, ba tare da ya ba shi kalmar sirri ya tafi da ita ba. Zagi da barazana ba sa ƙara wa buƙata nauyi, sai dai su binne hujjar a cikin hayaniya.

Da ka gama, ka ɗauki hoton allon da ya nuna an karɓi buƙatar, ka rubuta lambarta a takarda. Idan ka kira ta waya, ka rubuta rana, lokaci da sunan wanda ya amsa, sannan ka bi kiran da imel mai maimaita abin da aka gaya maka.

Gargaɗi: faɗa wa ɗan dilibari ko aika wa mai sayarwa saƙo ba shigar da buƙata ba ne. Muddin ba ta bayyana a cikin asusunka ba, kwanakinka suna tafiya.

5. Haɗa kaya da miƙa su

Ka mayar da komai cikin kwalinsa na asali, har caja, wayar caji, batir, takardu da kyauta. Kada ka yi rubutu ko ka manna salatif a jikin kwalin kamfanin da ya ƙera kayan. Ka sa shi cikin wani kwalin ko leda mai kauri, ka rubuta lambar oda da lambar mayarwa a na wajen. Idan waya ce ko kwamfuta, ka kwashe hotunanka da lambobinka, ka fitar da asusunka na Google ko iCloud, ka cire kalmar sirri, ka goge komai, ka zare layi da katin ajiya. Wayar da aka mayar a kulle ba za a iya gwada ta ba, kuma wannan kaɗai ya isa a ƙi karɓarta. Haɗawar ma ka ɗauke ta a bidiyo kamar yadda ka ɗauki buɗewar.

Idan an ba ka zaɓi tsakanin a zo gida a ɗauka da ka kai da kanka wurin karɓar kaya, ni na fi son kaiwa da kai, musamman ga mazauna unguwannin da adireshinsu ke da wuyar kwatance, domin jiran mai ɗauka yana iya cin kwanaki, kuma idan ya kira bai same ka ba sau da yawa, ana iya rufe buƙatar. Ko wace hanya ka bi, kada ka saki kayan sai an ba ka rasit ko saƙon tabbatarwa mai ɗauke da lamba. Wanda ya miƙa kaya ba rasit ya rasa kayan ya kuma rasa hujja.

Game da kuɗin aikawa, idan laifin mai sayarwa ne manyan kantuna ba sa cajin mai saye. Idan kai za ka biya, ka yi lissafi tukuna. A ce kayan na Naira 9,000 ne, aika su Legas ta kamfanin jigila kamar GIG ko DHL kuma zai ci fiye da rabin haka, to neman a rage maka wani abu ka riƙe kayan ya fi maka riba. Aikawa ta direban tasha ta fi araha, amma ba ta da lambar bibiya, don haka ban ba da shawararta ga kaya masu tsada ba.

6. Hanyar karɓar kuɗi da lokacin jira

Yawanci za a ba ka zaɓi biyu ko uku: a mayar ta hanyar da ka biya, a tura asusun bankinka, ko a ba ka baucha ko kuɗin cikin manhaja. Baucha ta fi sauri, wani lokaci cikin mintuna, amma a kantin kaɗai za ka iya kashe ta, kuma wata tana da ranar ƙarewa. Idan kuɗinka kake so a hannu, ka karanta zaɓin da kyau kafin ka danna, domin komawa baya bayan an fitar da baucha yana da wuya. Ka tabbata sunan da ke asusun bankin ya dace da sunan da ke asusunka na kantin, ka kuma sake duba lambobi goma na asusun sau biyu.

Kuɗi ba sa fitowa ranar da ka miƙa kaya. Sai sun isa ma'ajiyar kamfanin, an duba su, an amince, sannan a ba da umarnin biya, daga nan kuma banki ya ɗauki nasa lokacin. Kwanakin da ake faɗa na aiki ne, ban da Asabar, Lahadi da ranakun hutu. Idan an ce an biya amma ba ka ga alat ba, ka fitar da bayanin asusunka na kwanakin ka duba, domin kuɗin da aka mayar ta kati sukan shiga shiru. Idan babu, ka nemi kantin ya ba ka lambar shaidar biyan, ka kai wa bankinka ya bi sawu.

Gargaɗi mai girma: a wannan lokaci na jira ne 'yan damfara suke farauta. Da ka rubuta ƙorafi a Facebook ko X, sai wani shafi mai tambarin kamfanin ya biyo ka, ko a kira ka a ce za a dawo maka da kuɗinka yanzu idan ka ba da lambar katinka, lambobi uku na bayansa, lambar sirri ko lambar da aka turo maka ta saƙo. Mai turo maka kuɗi ba ya bukatar komai sai lambar asusu da sunan banki. Duk wanda ya nemi fiye da haka, ko ya ce ka biya wani abu kafin a saki kuɗinka, ɓarawo ne, ka kashe wayar.

7. Idan daga ƙasar waje aka sayo

A AliExpress kuɗinka suna hannun kamfanin har sai ka tabbatar kaya sun iso ko wa'adin kariya ya ƙare. Saboda haka kada ka danna cewa ka karɓa alhali ba ka karɓa ba, kuma ka riƙa duba ranar ƙarewar kariyar. Idan ta matso kaya ba su zo ba, ka buɗe ƙorafi kafin ta cika. Bayan karɓa, abin da aka saba bayarwa kwana 15 ne. Za ka zaɓi ɗaya cikin biyu: a dawo da kuɗi kawai, duka ko wani ɓangare, ko a mayar da kaya a dawo da kuɗi. Ga mai zaune a Kano ko Sakkwato, aika kaya zuwa Sin da kuɗin aljihunsa sau da yawa ya fi kayan tsada, don haka idan ba a ba ka mayarwa kyauta ba, zaɓi na farko ya fi dacewa. Idan kun kasa daidaitawa da mai sayarwa, kamfanin zai shiga tsakani ya yi hukunci da hujjojin da kowa ya ɗora, kuma a nan ne bidiyon buɗewa yake biyan wahalarsa.

Gargaɗi: mai sayarwa zai iya roƙonka da lafazi mai daɗi ka janye ƙorafin, wai zai aiko da wani ko ya biya ka ta gefe. Kada ka janye sai kuɗi sun shiga.

Abu biyu kuma suna rikita mutane. Idan da dala aka yi cinikin, abin da zai dawo maka a naira yana bin canjin ranar mayarwa, don haka yana iya ɗan bambanta da abin da aka cire. Sannan idan da katin dala na manhaja ka biya, kada ka rufe katin kafin kuɗin su dawo, domin can za a tura su.

8. Masu sayarwa a Instagram, WhatsApp da Jiji

A nan babu maɓallin mayarwa, babu kuma kamfanin da ke riƙe da kuɗi a tsakani. Jiji wurin talla ne kawai, kuma shi da kansa yana gargaɗin kada a biya kafin a ga kaya. Kariyarka ita ce yarjejeniyar da kuka yi kafin biya, don haka ka tambaya a rubuce: "Hajiya, idan kayan suka zo ba kamar na hoto ba, za ki karɓa ki dawo mini da kuɗina? Wa zai biya kuɗin mota?" Ka ajiye amsar. Idan da murya aka ba ka, ka adana saƙon, ka kuma ɗauki hoton hirar tun kafin a goge.

Idan matsala ta faru, ka fara da lalama, domin da yawa daga cikin masu wannan sana'a mutanen kirki ne da ke tsoron ɓacin suna, kuma mayar da kaya saboda aibi abu ne da kasuwancinmu da addininmu suka sani tun kafin zuwan waya. Ka tura hoto da bidiyo a ranar, ka faɗi abin da kake so, ka sa rana. Idan mai sayarwar yana da shago a kasuwa, kamar Kantin Kwari ko Farm Centre a Kano, shugabannin kasuwar suna sasanta irin wannan, kuma sau da yawa sun fi kowace hanya sauri. Tona asiri a intanet ya zama abu na ƙarshe, kuma kada ka rubuta abin da ba za ka iya tabbatarwa ba, don kada mai ƙara ya koma wanda ake ƙara.

Idan kuwa an karɓi kuɗi an toshe ka, wannan damfara ce. Ka sanar da bankinka a cikin sa'ar, ka ba su rasit ɗin taransifar da lambarta mai lambobi 30, su tuntuɓi bankin da kuɗin suka shiga, sannan ka kai rahoto ga 'yan sanda ko EFCC. Banki ba ya ciro kuɗi daga asusun wani da bakinka kawai, kuma ana iya bukatar umarnin kotu, amma saurin sanarwa ne yake sa a tarar da wani abu a asusun.

9. Komawa banki

Banki yana shigowa a hali biyu. Na farko, an cire kuɗi amma odar ba ta shiga ba. Tun watan Yunin 2020 Babban Bankin Najeriya ya rage wa'adin warware irin wannan, na biya ta intanet ko ta POS, daga kwana 5 zuwa awa 72. Idan sun wuce, ka shigar da ƙorafi a rubuce, ka karɓi lambar ƙorafin.

Na biyu, ka biya da kati, kantin ya ƙi kawo kaya ko ya ƙi biyan kuɗin da ya amince zai biya. A nan za ka cika fom na ƙalubalantar cirar kuɗi, bankinka ya nemo su ta hannun kamfanin katin. A ƙa'idojin Visa da Mastercard wa'adin yawanci kwana 120 ne, amma kada ka jira ya yi nisa. Ka haɗa da lambar oda, rasit, saƙonnin da suka nuna ka nemi kantin ya gyara bai yi ba, da shaidar mayar da kaya. Kada ka bi wannan hanya alhali kantin yana tsakiyar biyanka, domin buƙatun biyu za su ci karo, su ƙara jinkiri.

Idan banki ya yi mako biyu bai warware ba, ka kai ƙara sashen kare haƙƙin abokan hulɗar bankuna na Babban Bankin, tare da lambar ƙorafin da bankin ya ba ka. Ba tare da ita ba za a ce ka koma bankinka tukuna. Wannan ya shafi masu amfani da OPay, PalmPay da Moniepoint, tun da su ma da lasisin Babban Bankin suke aiki.

10. Hukuma da kotu

Kafin ka kai ƙara waje, ka aika wa kantin imel na ƙarshe mai jera abin da ya faru da ranakunsa, ka ambaci sashen dokar da ya shafe ka, ka ba su kwana 7, ka kuma faɗa musu cewa daga nan FCCPC za ka nufa. Sau da yawa wannan saƙon ne yake sa a miƙa maganar ga wanda ke da ikon sa hannu.

Idan ba su amsa ba, ka shigar da ƙorafi a shafin FCCPC na intanet, kyauta ne, ka ɗora duk takardun da ka tara tun daga hoton talla har imel na ƙarshe, a jere bisa kwanan wata. Mazauna Kano suna da Hukumar Kare Haƙƙin Masu Sayen Kaya ta jiha, wadda ta fi amfani idan mai sayarwar a cikin jihar yake, kamar yadda Legas take da LASCOPA. Kamfanin da ba shi da ofis a Najeriya ya fi wuyar kamawa ta wannan hanya, shi ya sa a cinikin waje ƙorafin cikin manhaja da na banki suka fi muhimmanci.

Idan kuɗin suna da yawa kuma ka san suna da adireshin wanda ya riƙe su, Kano, Legas da wasu jihohi suna da kotunan ƙananan ƙararraki na kuɗi, inda mutum yake iya tsayawa da kansa ba tare da lauya ba. Ka je wurin magatakardan kotun majistare ka karɓi fom, ka tambayi iyakar kuɗin da suke saurare da kuɗin shigar da ƙara. Za a fara da takardar neman biya da ake kai wa wanda kake ƙara, saboda haka ka tafi da adireshinsa cikakke, da kwafin rasit da hirarrakinku a buge a takarda, da bidiyon buɗewa a cikin wayar da za ka iya nuna wa alƙali.